Muryar Gwaggo Tani Tana Rano

Kibiya, 14 ga Yuli

Ƙanwata Mu'minat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina yi miki barka da sauka lafiya, Allah ya raya yarinya, ya ba ki lafiyar shayarwa. Ki gaida Malam Khalid da Hajiya surukarki. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan da ba ta barina in damina ta kankama. Ban samu zuwa suna ba saboda muna jarrabawa a makaranta, amma na ji an saka wa jaririya sunan Gwaggo Tani na yanka, Halimatu Sa'adiya. An kyauta. Ni da na yi shekara bakwai ina kwana ɗaki ɗaya da mai sunan, a bakin Ishiyaku direba na ji labari.

Takarda na zaɓa saboda ni da ke in muka hau waya ba ma cika minti biyu sai ɗaya ta kashe. Ishiyaku zai miƙa miki, shi ne kuma zai dawo mini da amsa.

Ranar Talata da la'asar aka yi wata tsawa da ta sa kajin gidan nan suka shige ƙarƙashin rumbu. Da na shiga ɗaki sai na ji ƙauri. Kwamfuta ta mutu, akwatin ajiyar nan da kika kafa mana a kan tebur shi ma ya mutu, ko ƙyaftawar fitila babu. Kin san abin da ke ciki. Shekara uku ina zaunar da Gwaggo ina ɗaukar muryarta, tana ba da labarin haihuwar da ta karɓa a Kahu da kewaye tsawon shekara hamsin tana ungozoma: wa aka haifa shekarar fari, wa ya zo ta ƙafa, wace uwa ce ta yi kwana uku a kan gwiwa. Ƙaramin rikodan kuwa ke kika ce in riƙa share shi duk mako in na kwashe, na kuwa bi maganarki. Yanzu Gwaggo ta yi wata ɗaya a ƙasa, ba ni da ko tarinta.

Lokacin da kika kafa kayan kin ce akwai wata na'ura a wurinki a Rano da ke janyo kwafin komai. Ban so tambayarki ba, Allah ya sani, amma ga shi na tambaya. Muryar tana nan ko babu?

Yayarki,
Lubabatu

Rano, 16 ga Yuli

Yaya Luba,

Wa alaikumus salam. Na gode da barka, Allah ya sawwaƙe gwiwa, ki riƙa gasa ta da ruwan ɗumi kamar yadda Gwaggo take yi miki. Mu muna lafiya. Ni dai ina hannun Hajiya, safe da yamma ruwan zafi da ganyen darbejiya, sai kunun kanwa har ya fita raina. Ta rantse ko zaure ba zan leƙa ba sai na yi arba'in, ba don haka ba da yau ina Kibiya.

Ki kwantar da hankalinki. Na'urar da kike faɗa ita muke ce wa saba, tana nan a ɗakin aikina. Aikinta shi ne kullum da azahar, lokacin da sola ta yi ƙarfi, ta leƙa akwatinki ta intanet ta kwafo duk sabon abin da kika zuba. Duk abin da ya iso wurina yana nan lafiya, ko minti ɗaya bai ɓata ba. Ki naɗe akwatin a zani ki ba Ishiyaku, kada ki buɗe shi, kada ki bari wani mai gyaran rediyo ya sa masa sukudireba. Zan sa a duba ko faifan ciki sun tsira.

Maganar suna kuma, ban ɓoye miki ba, sau uku na kira ba ki ɗaga ba. Kuma ai ba abin jin haushi ba ne. Ke kin samu shekarunta bakwai na ƙarshe, kin ci abinci kwano ɗaya da ita, a hannunki ta cika. Ni da ta raine ni tun ina tsumma, tun ranar da mahaifiyata ta rasu wurin haihuwata, sai suna na samu. Ki bar mini shi.

Taki,
Mu'minat

Kibiya, 25 ga Yuli

Mu'minat,

Sallama da gaisuwa. Ina fata ke da mai sunan Gwaggo kuna lafiya. Gwiwa da sauƙi, gero ya yi kyau bana, an gama jarrabawa.

Yau kwana takwas da na ba Ishiyaku akwati. Kullum sai na tsaya a tasha in na taso daga makaranta, kullum sai ya buɗe mini hannu ya ce ba a ba shi komai ba. Har 'yan kamasho sun fara gaishe ni da suna.

Na sake karanta takardarki ya fi sau biyar. Kin ce duk abin da ya iso wurinki yana nan lafiya. Wurinki. To na ji. Dama tun farko haka abin yake tafiya. Ni ce mai zama a tabarma har ƙafata ta yi tsami, ni ce mai dama mata fura don ta samu ƙarfin magana, ni ce mai tuna mata inda ta tsaya in ta yi gyangyaɗi a tsakiyar labari. Amma ki je Kahu ki tambaya. Kowa cewa yake Mu'minat ta Rano ce ta saka Gwaggo a kwamfuta, yarinya mai ilimi, Allah ya yi mata albarka. Yini ɗaya kika zo kika jona wayoyi kika koma. Ranar sadakar uku ma awa ɗaya kika yi, na san kina da tsohon ciki, amma da kika fita mata sun fi yin zancenki a kan zancen mamaciyar.

Shekaranjiya wata mata ta zo tun daga Lausu, ta ce an gaya mata akwai inda Gwaggo ta ba da labarin ranar da aka haifi mahaifiyarta, tana so 'ya'yanta su ji. Na ba ta ruwa, na ba ta haƙuri. Da za ta tafi ta tambaye ni ko ta wuce Rano ne, tunda an ce a can ainihin abin yake. Na ji zafin maganar nan har cikin raina, ba zan ɓoye miki ba.

In kin yanke shawarar riƙe muryar ne a wurinki, mutane su riƙa yi miki sallama suna saurara a falonki, ki faɗa mini a fili in daina zaryar tasha.

Lubabatu

Rano, 27 ga Yuli

Yaya Luba,

Sallama. Da kin tambayi dalilin shirun kafin ki yanke mini hukunci, da kin ji cewa yarinya ce ta yi shawara, idanunta suka yi ɗorawa, muka kwana huɗu a asibiti. Yanzu alhamdu lillahi ta warware, tana kama nono. Ki gaida mutanen gida.

Akwatinki kuma Malam Khalid ya kai Kano wurin Ƙasimu, wanda muka yi karatu tare, babu wanda na sani da ya fi shi iya ceto faifai. Ya yi kwana shida a kansu. Faifai biyu ne a ciki, duka sun ƙone, ba abin da zai fito daga cikinsu har abada. Ya gyara akwatin ya saka sababbi, yanzu fanko ne.

Zan iya mayar da komai a nan ɗakina ina zaune da goyo, in aiko miki da akwatin a cike. Amma tunda kin ce ina so in riƙe, to ga sabar nan gaba ɗayanta na ba Ishiyaku, a naɗe cikin bargo a kujerar gaba, tare da akwatin, da sabuwar rauta mai kawo intanet, da ƙaramar kwamfutata. Ki yi da hannunki, ki ga abin da ke ciki da idonki. Ki sani dai yanzu duk duniya kwafi ɗaya ne ya rage, shi ne wanda ke gefen direba.

Ki fara da safe in rana ta fito sosai, in kin ga hadari ko kaɗan ne ki bari sai gobe. Ki jona komai a farin soket ɗin da na haɗo, shi ne mai tare tsawa, wanda na ce ki saya tun bara kika ce ƙaƙale ne. A bayan rauta akwai ramuka huɗu. Shuɗiyar waya daga saba zuwa rami na ɗaya, rawaya daga akwati zuwa rami na biyu, ki tura har ki ji ɗan ƙas. Ki kunna akwati tukuna, ki jira fitilarsa ta daina ƙyaftawa ta tsaya kore, sannan ki kunna saba. In kin buɗe kwamfuta za ki ga hoton laima a gefen hagu, ki danna, lambar sirri tana jikin takardar da na liƙa a ƙarƙashinta. Saba za ta nemi akwatin da kanta, in ta gan shi za ta nuna sunansa.

Nan ne wurin da nake so ki natsu. Za ki ga kibiya guda tsakanin hotuna biyu. Dole bakinta ya fito daga saba ya nufi akwati. In kika juya ta, fankon ne zai hau kan mai cike, ya shafe Gwaggo cikin minti ɗaya. Ki duba sau uku kafin ki danna. Daga nan zai ɗauki kamar awa biyar, kada ki taɓa komai, kada ki jona dutsen guga.

In ya gama, ki duba jerin kwanakin har ƙasa.

Mu'minat

Kibiya, 30 ga Yuli

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ki yafe mini maganar da na yi ban san yarinya na kwance ba. Allah ya ƙara mata lafiya, ya sa kaffara ne. Ni kaina lafiyar jiki ƙalau.

Jiya na yi aikin. Na share ɗaki, na yi alwala kamar mai shirin tafiya, na shimfiɗa takardarki a gabana na danne ta da kofi. Shuɗiya ta shiga, rawaya ta ƙi, sai da na lura a kife na riƙe ta. Da na zo wurin kibiyar nan, ban duba sau uku ba, sau goma na duba, har na sa yatsa a kan gilashin ina bin ta. Na yi bismilla na danna. Awa biyar ɗin nan a bakin ƙofa na yi su ina kallon gabas, ko girki ban ɗora ba.

Wajen la'asar ya gama. Na buɗe na farko, sai ga Gwaggo tana gyaran murya tana tambayata ko abin ya fara ɗauka. Na yi kuka, Mu'minat, irin wanda ban yi ba ranar da aka fita da ita.

Sannan na bi jerin har ƙasa kamar yadda kika ce. Ya tsaya a ashirin da biyar ga Maris, tsakiyar azumi. Gwaggo kuwa ta yi magana har saura kwana huɗu ta rasu. Mako goma sha ɗaya babu su. Yanzu na gane abin da kike nufi da abin da ya iso wurinki, kuma na gane dalilin da ya sa kika ce in gani da idona.

Ni na jawo. Ba sai kin tambaya ba. A cikin azumin nan jikinta ya fara rauni, ta daina labarin haihuwar mutane, ta koma labarinki. In na kunna rikoda sai ta ce yau na Mu'minat za a yi. Yadda kika fara tafiya, yadda kike ɓoye mata carbi, ranar da aka zo aka tafi da ke makarantar kwana. Ni na gama wanke mata jiki, na canza mata shimfiɗa, bayana na ciwo, in zauna in riƙe mata na'ura tana yabon wata. Na san kuma kowace azahar sabarki za ta kwashe ta kai miki, ki saurara kina murmushi a Rano. Ranar nan na buɗe bayan tsohuwar rauta na zare layin da ke cikinta, na jefa a gwangwanin maɓallai. Kwamfuta ta ci gaba da zubawa a akwati, amma ba abin da ke fita daga gidan nan. Na ce a raina wannan kam sai kin zo da ƙafarki kin roƙa.

Bayan sadakar bakwai zuciyata ta yi sanyi, na mayar da layin, na ga fitilu sun kama. Na ɗauka komai ya tafi wurinki tun tuni. Da gaske na ɗauka haka, shi ya sa ban ce komai ba a takarduna na baya. Ko akwai wani lungu a cikin sabar da suka maƙale? In akwai ki gaya mini wayar da zan jona.

Yayarki,
Lubabatu

Rano, 8 ga Agusta

Yaya Luba,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yarinya ta fara ƙiba, saura kwana shida mu yi arba'in. Na san kin yi ta zuwa tasha. Wannan karon ba ciwo ne ya hana ni rubutu ba, sau uku ina farawa ina yagawa.

Babu wani lungu. Abin da bai iso ba bai iso ba.

Na yi kwana biyu ba na son jin sunanki. Ashe Gwaggo ta yi mako goma sha ɗaya tana magana a kaina, ni da na yi shekara uku ina sauraron labarin 'ya'yan mutane ina jiran ta zo kan nawa. Amma in na bar ki da laifin ke kaɗai na yi ƙarya, kuma ina da jaririya a cinya, ba na son in fara renonta da wannan.

Tun ranar ashirin da shida ga Maris na sani. Saba tana turo mini saƙo a waya duk ranar da ta nemi akwatinki ba ta samu ba. Na duba na ga ba wuta ba ce, ba sabis ba ne, na gane hannu ne ya cire. Kira ɗaya ya isa, ko in gaya wa Gwaggo ita ta sa ki mayar. Na ce a'a, tunda ta rufe mini ƙofa ba zan ƙwanƙwasa ba. Kullum da azahar saƙon yana shigowa ina share shi. Da wata ya ƙare kuma sai na daina zuba wa layin data, na ce don me zan ciyar da layin da ke cikin aljihun wata. Shi ya sa da kika mayar kika ga fitila amma ba abin da ya tafi. Tsakanin ranar da kika mayar da ranar tsawa akwai mako uku cur. Yini biyu sun ishi saba ta kwashe komai. Aikina ke nan, da shi nake ci, na kuma san abin da ake nufi da kwafi ɗaya a ɗaki ɗaya da damina.

Na gane kishina kike yi. Ni ma naki nake yi, tun ranar da kika koma gidan. Duk faifan da na saurara ina jin ƙarar cokalinki a kofinta, ina jin tana ce miki matso da filo. Da in ji ana yabona a Kahu gara a ce ni ce mai matso da filon.

Akwai abin da na san ba ki sani ba, don ke ɗauka kike yi ki zuba, ba kya komawa ki saurara. Ni kuwa babu wanda ban ji ba. Ki buɗe na ranar sha ɗaya ga Nuwamban bara, ki wuce zuwa minti na arba'in da ɗaya. Kin tashi kin tafi duba tukunya kin bar rikoda a kunne, Nana Khadija maƙwabciyarku ta shigo. Wata tara ke nan ina riƙe da shi ban gaya miki ba, kin san dalili.

Sabar ki bar ta a wurinki tukuna, a jone kamar yadda take. Na saka layi a sabuwar rautar, kada ki cire.

Ƙanwarki,
Mu'minat

Kibiya, 11 ga Agusta

Mu'minat ƙanwata,

Sallama da fatan alheri. Allah ya kai mu arba'in lafiya. Ki shafa mini kan Halimatu Sa'adiya, ki gaida Hajiya da Malam Khalid. Matar Lausu ta dawo jiya da 'ya'yanta uku, sun ji nasu, sun tafi suna ta addu'a. Na gaya musu ke kika adana shi.

Na saurari minti na arba'in da ɗaya. Na ji takuna ina fita, na ji Nana Khadija tana tambayarta jiki, sannan Gwaggo ta rage murya ta ce: "Yarinyar nan Lubabatu, ban taɓa gode mata a gabanta ba, kunya nake ji. Amma in Allah ya tambaye ni wa ya riƙe ni, sunanta kaɗai zan kira." Sau huɗu na mayar. Shekara bakwai ina jiran kalma ɗaya irin wannan, ashe tana Rano a ajiye.

Nawa ya tsira da muryarta saboda na'urarki ta yi aikinta. Naki kuwa babu inda ya rage sai cikin kaina, kan matar da ta zare layi don kada ki ji. Ba ki da hanyar da za ki gane ko na rage ko na canza, kuma ba ni da wanda zai shaide ni.

Na sayi littafi mai shafi tamanin, tun shekaranjiya nake rubutawa, ga shi nan Ishiyaku zai ba ki tare da wannan. Akwai labarin ranar haihuwarki tun daga kiran sallar asuba, da abin da mahaifiyarki ta ce da aka nuna mata ke, da akuyar da aka nemo don nononki, da waƙar da take yi miki in kina kukan haƙori. Waƙar kalmomin kawai na iya kawowa, karin ya tafi da ita. Inda na manta na bar fili na rubuta na manta, ban cike da nawa ba.

Magana ɗaya ce ban saka a littafin ba. Na kai alƙalami kanta sau biyu ina ɗagawa, na ce ai ba wanda zai sani. Ita ce ta ƙarshe da rikoda ya ɗauka, saura kwana huɗu, ina riƙe da kanta a kafaɗata. Ta ce: "Na karɓi 'ya'ya sun fi dubu, kowanne na miƙa wa uwarsa na wanke hannuna. Mu'minat ce kaɗai ba wanda zan miƙa wa, sai na riƙe. Ita ce na haifa."

Har yanzu in na tuna sai na ji zafi a ƙirjina, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma haka ta faɗa, ban rage ko harafi ba.

Yayarki,
Lubabatu